Kafin Ka Jefa Fatsa

A Katsina idan aka ce kifin ƙanƙara, abin da ke faɗo wa kowa a rai shi ne kwalin nan da ake saukewa daga motar sanyi, kifin teku da ya ƙetaro daga Nowe ko Holan ko Rasha, ya daɗe a daskare kafin ya iso kaskon mai suya a Ƙofar Ƙaura. Amma ku ƙannena masu riƙe da waya kun san wani kifin ƙanƙarar na daban. Kun ga mutum a Kanada ko Finlan, ya duƙunƙune cikin rigunan sanyi kamar dami, yana zaune a kan bokiti a tsakiyar wani farin fili, ya huda rami a gabansa ya zura zare, can sai ga kifi yana wutsil-wutsil a kan ƙanƙara. Farin filin nan tafki ne ya daskare. Wasunku suna kallo suna dariya, wasu kuma sha'awa ta kama su har sun fara tambayar kuɗin sandar kamun kifi irin ta Turawa mai ƙarfen naɗe zare. Da waɗannan na biyun nake son magana, ko da yake na farkon ma za su tsinci abin tsinta. Sha'awarku ba ta da laifi, kuma kamun kifi da fatsa abu ne da ya dace saurayin birni ya koya. Sai dai abin da ya kamata ku aro daga mutumin kan ƙanƙara yana faruwa ne kafin a kunna kyamara, shi ya sa ba ku taɓa ganinsa ba.

Ga abin da ke faruwa. Ruwa ya fi nauyi idan sanyinsa ya kai digiri 4, in ya wuce nan ya daskare sai ya yi sauƙi ya taso sama. Don haka tafki daga sama yake daskarewa, ƙanƙarar ta zama murfi, kifi kuma ya ci gaba da rayuwarsa a ƙasa, ya rage yawo ya rage ci. Mai son kama shi dole ya taka wannan murfi, kuma murfin ba kauri ɗaya gare shi ko'ina ba. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minesota a Amurka tana shawartar mutane kada su taka sai sabuwar ƙanƙara garai-garai ta kai kaurin santimita 10, kuma tana gargaɗin cewa farar ƙanƙara mai haɗe da dusar sanyi rabin ƙarfin wancan gare ta. Inda rafi ke shigowa tafki, ko inda ruwa ke gudu a ƙasa, murfin yakan yi siriri ko da ido bai nuna ba. Saboda haka gwanin wannan harka yakan huda rami tun daga bakin gaɓa ya auna, ya yi 'yan taku ya sake hudawa ya sake aunawa, da igiya a jikinsa da wasu ƙusoshi biyu rataye a wuya don ya ja kansa waje idan ƙanƙarar ta ɓurma, kuma ya bar sallahu a gida kan inda ya nufa da lokacin da zai dawo. Wannan aunawa ita ce sana'ar. Sanda da tanti da na'urar gano kifi duk kaya ne da mai kuɗi ke saya a yini ɗaya.

Mu nan ba mu da tafkin da ke daskarewa, ko a tsakiyar hunturu. Abin da Allah Ya ba mu kusan kishiyar wancan ne. Idan fadama ta ƙafe da rani, gaiwa takan shige cikin laka, ta lulluɓe kanta da majinar jikinta, ta bar 'yar ƙofar shaƙar iska, ta kwanta watanni har ruwan sama ya dawo. Can kifi yana jira a ƙarƙashin ƙanƙara, nan yana jira a ƙarƙashin busasshiyar ƙasa, kuma a duka wuraren biyu wanda ya san wurin ne ke cin kifi. Mai tonon gaiwa da ke bin tsagar laka yana neman 'yar alamar ramin, shi da mai huda ƙanƙara a tafkin Simko na Ontariyo aiki guda suke yi: karatun wuri kafin a sa hannu.

Za a ce mini Katsina ba garin ruwa ba ne, kuma su sana'ar Sarkawa ce da Kabawa, gado ne, ba a shiga da ka. Rabin maganar gaskiya ce. Damina a nan wata huɗu ce idan ta yi kyau, kuma ba mu da gulbi irin na Argungu ko Yawuri. Amma madatsun ruwa sun sauya taswirar jihar tun shekarun 1970. Ga Ajiwa a ƙaramar hukumar Batagarawa, wanda birnin ya daɗe yana sha daga gare shi. Ga Zobe kusa da Dutsin-ma a kan kogin Karaduwa, wanda aka kammala a 1983. Ga na Jibiya a kan kogin Gada, ga Sabke ta wajen Daura, ga Mairuwa ta wajen Funtuwa. A cikinsu akwai tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da danginsu, kuma a bakinsu akwai masunta da ke ciyar da iyali da taru da kalli da birgi. Maganar gado kuwa, ba wanda ya ce ka je ka ƙwace wa masunci sana'arsa. Kai da ƙugiya ɗaya da sandar gora ba ka rage masa komai ba. Abin da gadon ke nufi a gare ka shi ne ruwan yana da masu shi. Ka fara da sallama ga Sarkin Ruwa ko shugaban masuntan wurin, ka ce Baba na zo neman izini in jefa fatsa, ina ne ya dace in zauna. A amsar da zai ba ka akwai ilmin shekara talatin: inda tsohon kwarin kogi ya bi ta ƙarƙashin ruwa, inda laka ke riƙe ƙafa, inda aka shimfiɗa kalli don kada ƙugiyarka ta yaga wa wani dukiyarsa. Wanda ya tsallake wannan sallama don yana ganin ya kalli bidiyo hamsin, kifin rijiya ne da ke zaton ya san teku.

Kayan aikin ba su kai kuɗin katin waya na mako ba. Sandar gora mai ɗan lanƙwasa, zaren roba, ƙugiya biyu ko uku masu girma dabam-dabam, totuwar kara ko guntun soso a matsayin abin da zai yi yawo a saman ruwa ya ba ka labari, sai ɗan abu mai nauyi da zai ja koton ƙasa. A kan wannan na ƙarshe ina da gargaɗi. Dalma aka saba amfani da ita, kuma masu fatsa da yawa da haƙori suke matse ta a jikin zare. Dalma guba ce, ita ce ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, kuma ba a san wani ƙanƙanin adadinta da jiki ke amfana da shi ba. Ɗan noti na ƙarfe daga wurin bakanike ya wadatar. Koto kuwa a bayan gida yake: tana daga gindin randa ko bakin lambu, fara, gyare, shinge idan ruwan farko ya sauka, hanjin kaza don tarwaɗa, dunƙulen tuwo da aka murza da garin ƙuli-ƙuli don karfasa. Ɗaurin ƙugiya ka koye shi a gida kafin ka fita, ka zura zaren a ido, ka nannaɗe shi sau biyar ko shida a jikin kansa, ka mayar da bakin ta madaukin farko, ka jiƙa shi da ruwa kafin ka ja ya tsuke, domin busasshen zaren roba yana ƙona kansa wurin tsukewa ya tsinke a ranar da babban kifi ya zo. Sa'an nan, kafin ka sa koto, ka jefa ƙarfen shi kaɗai ka ga inda ya taɓa ƙasa, ka matsa totuwar sama ko ƙasa har ka san zurfin gabanka, ka gwada dama ka gwada hagu. Idan taku biyu daga gaɓa zaren ya nutse tsawon mutum biyu, to ka san inda kifi zai taru, ka kuma san inda ƙafarka ba za ta je ba. Wannan shi ne hudar ƙanƙararmu.

Daga nan sai sanin halin kifin, wanda shi ne daɗin abin. Tarwaɗa da gashin bakinta take lalube, wari da motsi take bi, ba ta damu da gani ba, don haka ta fi ci da asuba da yamma liƙis da kuma lokacin da ruwa ya gurɓace bayan an yi ruwan sama, kuma a ƙasa take kiwo. Karfasa mai ido ce, tana son gefen ciyawa da ruwa marar zurfi, bakinta ƙarami, sai ƙaramar ƙugiya, kuma inuwarka kaɗai ta isa ta kore ta. Kifi na ganinka mai jar koma, in ji masu magana, kuma ba ƙarya suka yi ba: zauna ƙasa, rage surutu, kada ka bar rana ta jefa inuwarka cikin ruwa. Da hunturu jikin kifi yakan yi sanyi tare da ruwan, cinsa ya ragu, sai hantsi ya ɗaga ruwa ya ɗan yi ɗumi yake motsawa, don haka sammakon Janairu wahalar banza ce. Da bazara kuma ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai, kifi ya gudu zurfi da inuwa da tsakar rana. Duk wannan ba a haddace shi daga takarda. Zama ake yi ana kallo, a ga inda tsuntsu ke sura, inda kumfa ke tasowa, yadda totuwa ke rawa idan ƙananan kifi ne ke tsakurar koto da yadda take nutsewa gaba ɗaya idan mai gidan ne ya zo. Saurayin da ya iya zama awa biyu idonsa a kan abu ɗaya, wayarsa a aljihu, ya samu wani abu da zai yi masa amfani a aji da shago da gona.

Iyaye za su ce ruwa ba abin wasa ba ne, kuma a nan ba ni da gardama da su ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, yara da matasa ne kaso mai yawa, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don tunatarwa a kan haka. Ba mu manta da jirgin Bagwai a jihar Kano ba, wanda ya kife a madatsar Watari a ƙarshen Nuwamba 2021 da ɗaliban Islamiyya a ciki, lodi ya fi ƙarfinsa. Amma ku duba su wa ruwa ya fi ci a garuruwanmu: yaran da suka sulale daga gida da rana tsaka zuwa kududdufi ko ramin da masu gini da masu aikin hanya suka haƙa, ba wanda ya san sun tafi, ba wanda ya taɓa nuna musu komai game da ruwa sai dai a ce kar ku je. Hani shi kaɗai bai hana su zuwa ba, ya dai hana su faɗa. Yaron da aka koya wa cewa madatsa tana da gangare a ɓoye, cewa lakar da ta taru shekara da shekaru tana riƙe ƙafa kamar danƙo, cewa kusa da inda ake sakin ruwa da inda injin ke zuƙa ba wurin zama ba ne, wannan ya fi wanda aka tsare a gida samun kariya ranar da abokai suka ja shi. Ƙa'idojin kaɗan ne kuma ba a sassauta su. Ba a zuwa mutum ɗaya. Ana faɗa a gida inda za a da lokacin dawowa. Mai fatsa a gaɓa yake zama, ƙugiyar da ta maƙale a ƙasa a tsinke zaren a bar ta, naira nawa take? Ba a shiga kwale-kwale ba tare da rigar ceto ba, ko an iya iyo. Idan hadari ya haɗo, a kwantar da sanda a bar bakin ruwa, domin mai riƙe da dogon abu a fili shi ne mafi tsawo a wurin, tsawa kuma mafi tsawo take nema, balle sandunan zamani da wutar ke bi ta jikinsu.

Akwai kuma abin da kowa ya kamata ya sani ko bai taɓa riƙe fatsa ba. Wanda ruwa ke ci ba ya ihu kamar yadda ake nunawa a fim, bakinsa na neman iska ne, hannuwansa na dukan ruwa, a cikin minti ɗaya zai iya ɓacewa. Kuma wanda ya yi tsalle ya bi shi ba tare da horo ba sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, don mai nutsewa yakan ƙanƙame duk abin da ya taɓa. Miƙa masa sandarka kana kwance a gaɓa, ko ka jefa masa abin da ba ya nutsewa. Masuntan Argungu a kan gora suke yawo a ruwa, mu kuma muna da jarka: babu komai a ciki, an ɗaure murfinta tam, an ɗaura mata igiya doguwa. Jarkar lita 20 tana iya riƙe kan babban mutum a saman ruwa har a jawo shi. Duk ƙungiyar samarin da za ta fita bakin ruwa ta tafi da ita, ko da za a yi musu dariya a hanya.

Haɗari na biyu ba ya kisa nan take, shi ya sa aka raina shi. Tsargiya daga ƙananan katantanwar ruwa take fitowa, tsutsar da ido ba ya gani ta huda fata yayin da mutum ke wanka ko tsaye cikin ruwa, ta girma a jijiyoyin mafitsara, bayan makonni a ga jini a ƙarshen fitsari. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya. A wasu ƙauyuka har yau ana ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya zama namiji, alhali mafitsara da ƙoda ne ke lalacewa a hankali. Maganinta, farazikwantal, yana nan a asibiti kuma ba shi da tsada, wanda ya ga alama ya je ba tare da kunya ba. Tsutsar ta fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke tura yara cikin ruwa. A nan fatsa ta fi duk sauran hanyoyin kamun kifi dacewa da ɗan birni, tunda mai ita yana iya yini a bakin ruwa ƙafarsa a bushe. Kududdufan cikin gari kuwa, waɗanda aka haƙa tun zamanin da ake ɗibar ƙasar gina gidaje da ganuwa, yanzu kwatocin unguwa da shara da mataccen batir duk can suke ƙarewa. Kada ganin tarwaɗa a ciki ya ruɗe ku. Tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iska kai tsaye, don haka tana rayuwa a ruwan da ya kashe kowane kifi. Ƙibarta a irin wannan wuri ba shaidar tsabta ba ce.

Batun tsaro ba zan yi masa kwana-kwana ba. Yankunan Jibiya da Dutsin-ma sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, kuma hali yana sauyawa daga wata zuwa wata. Babu kifin da ya kai a bi hanyar da mutanen wurin da kansu suke shakka. A tambayi manya da direbobin hanyar, a tafi da rana a dawo da rana, in an ce a dakata a dakata.

Sai ƙorafin da ya fi nauyi a wurina, wanda malami zai kawo. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan Katsina tun kaka da kakanni, ta sa farautar da ake yi don wasa kawai a cikin makaruhi, ta halatta wadda ba don wasa ba. To ina matsayin kamun kifi na nishaɗi? Fatawa ta malamai ce, ku kai musu tambayar. Amma ko da idon mai karatun farko ana iya ganin inda iyakar take. A Turai da Amurka akwai masu kama kifi su ɗauki hoto da shi su mayar, su sake kama wani, daga safe har yamma, ba don tukunya ba. Suna da hujjarsu ta kare yawan kifi, sai dai huda bakin mai rai don hoto kawai abu ne da tarbiyyarmu ba ta saba da shi ba, kuma ban ga dalilin aro shi ba. Wanda ya fita da niyyar kawo cefane, ya ji daɗin iska da shiru a hanya, ya kama abin da gidansu zai ci ya tashi, nishaɗinsa ya zo ne a cikin neman halal, kamar manomin da ke jin daɗin gonarsa. Sakin kifi yana da wurinsa: ɗan ƙaramin da bai kai ci ba, da uwar karfasa da za ka tarar da ƙwai ko 'ya'ya cike da bakinta, don a baki take renonsu. Waɗannan a jiƙa hannu a zare ƙugiya a hankali a mayar da su. Kuma salla ba ta jiran kifi ya ci koto.

Wannan ya kawo mu ga masu gaggawa, waɗanda ke zuba gamalin ko wani maganin ƙwari a ruwa su kwashe abin da ya taso, da masu jan gidan sauro a matsayin taru. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da wutar lantarki, kuma sinadarin da ke cikin gamalin an sa shi a jerin waɗanda duniya ta amince a daina tun 2009. Ko babu doka, wanda ya zuba guba a Ajiwa a randar gidansu ya zuba. Gidan sauro kuma an raba shi ne don zazzaɓin cizon sauro, idanunsa ƙanana ba sa barin ko ɗan kifin da ya ƙyanƙyashe jiya, sai a cinye kifin baɗi a bana. Kabawa sun san wannan tun kafin a rubuta doka. Bikin Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2016, yana samun manyan giwan ruwa ne saboda kogin Matan Fada, inda ake yin sa, a rufe yake sauran shekara, kuma ranar su ɗin ma homa da gora kaɗai aka yarda a shiga da su.

Aikin bai ƙare a bakin ruwa ba, kuma a nan ne samari da yawa ke zamewa, su jefa wa Inna ko ƙanwa kifi a tsakar gida su wuce majalisa. Wanda ya kama shi ya gyara. Tun wurin cire ƙugiya ake fara hankali: tarwaɗa da ƙurungu suna da ƙaya mai tauri a gefe biyu, ƙurungu har da ta baya, kuma sukarsu tana da zafi tana kumbura, don haka a riƙe su ta bayan ƙayoyin, da tsumma idan hannu bai saba ba. Ƙugiyar da ta shige naman mutum har ta wuce 'yar ƙayar bakinta ba a fizge ta baya, asibiti ake zuwa a cire a wanke a yi allurar rigakafi. A zafin Afrilu, lokacin da Katsina ke haura digiri 40, kifi yana fara lalacewa cikin 'yan awoyi, kuma daga ciki yake farawa. A kashe shi da bugu ɗaya a ka maimakon a bar shi yana shure-shure a rana, a farke cikin a fitar da hanji da jan naman nan na ƙarƙashin kumatu da yake numfashi da shi, a kula kada matsarmama ta fashe ta ɓata naman da ɗaci, a nannaɗe shi da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Iskar da ke busar da buhun ita ke sanyaya kifin, dabarar randa ke nan, wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya gina tukunya cikin tukunya a kanta har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Tana sayen awoyi ne kawai, ba ta kai kifi gobe. Wannan sanin yana amfani har a kasuwa: kifi mai kyau idonsa garau, ƙarƙashin kumatunsa ja, namansa idan ka danna ya dawo.

A gida, yauƙin tarwaɗa toka ke fitar da shi, ko gishiri da lemun tsami, ko ruwan zafi da bai kai tafasa ba. Karfasa a kankare ɓawonta daga wutsiya zuwa kai, a cikin ruwa a roba don kada ya watsu a tsakar gida. Wuƙa mai kaifi ta fi dakusasshiya aminci, domin dakusasshiya ce ake dannawa da ƙarfi ta zame ta sami yatsa, saboda haka a koyi wasa ta a dutse da ɗan ruwa, gefe da gefe. Katakon da aka yanka ɗanyen kifi a kai a wanke shi da sabulu kafin a ɗora masa tumatir ko latas. Abin da ya fi ƙarfin tukunyar yau a yi banda: a barbaɗa gishiri, a bar shi ya tsane, a lanƙwasa tarwaɗa a soke wutsiyar a baki, a jera a kan waya sama da garwashi, wuta kaɗan hayaƙi da yawa, ana juyawa har ya bushe ƙayau. Icen ya zama na girki mai tsabta, ban da taya da leda da katakon da aka yi wa fenti, don abin da ke cikin hayaƙin yana shiga naman. Idan ƙwari suka fara damun bandar a ajiya, a sake mayar da ita kan wuta ko a shanya ta a rana. Fiya-fiya da wasu 'yan kasuwa ke yayyafawa maganin kashe ƙwari ne, wanki ba ya fitar da shi duka, kuma yaran gida ne ke fara tsakurar banda kafin ta shiga miya.